Inuwar da Ta Makara

Kusan kullum sai wani a cikinku ya leƙo shagona ya ce, "Baba Sabo, kai dai ka huta. Ka kunna gem, ka zauna, ana biyanka." Ba na musu da kowa. Wanda ya ga mutum a kan benci da hannun gem a cinyarsa, ba laifinsa ba ne in ya ɗauka wasa yake yi. Amma tunda kun cika min shago da gardamar wannan sabon gem da bai ma fito ba, wanda aka ce mutum zai shiga ƙasa guda ya yi yawo duk inda ya ga dama, bari in gaya muku yadda gardamar take a wajen wanda abincinsa ke rataye a kanta. Ku don daɗin baki kuke musu. Ni kuwa da aka fara gardamar, tsofaffin na'urori huɗu gare ni, kuma dole in yanke ko in sayar da su duka in sayi sabuwa guda ɗaya saboda wannan gem, ko in riƙe su in ga abin da Allah zai yi. Gida biyu ke ci daga shagon nan, nawa da na marigayi Ayuba, abokin aikina.

Aikin farko da aka taɓa ba ni a duniya shi ne wanke kan bidiyo, irin mai cin kaset. A wajen Malam Ilu na koya, wani mai gyaran rediyo a bayan tsohuwar kasuwa, wanda kakanninsa suka zo garin Lafia fatauci suka zauna. Ya miƙo min auduga da ɗan ruwan sifirit, ya ce in goga a hankali ta gefe guda. Na goga da ƙarfi ta kowane gefe, don in nuna masa ni mai himma ne. Da aka kunna, hoton ya fito kamar ana ruwan ƙanƙara. Malam Ilu bai daka min tsawa ba. Ya dube ni ya ce, "Sabo, kai ne mutum na farko da na ga ya wanke abu har ya mutu." Na daɗe a wajensa kafin ya yarda in taɓa ƙarfen narka dalma. Buɗewa da rufewa kawai nake yi, kuma duk abin da na rufe sai sukuru ɗaya ya yi saura a kan tebur. Ranar da ya sallame ni ya yi min addu'a mai tsawo, ina jin rabinta ta masu kayan da za su faɗo hannuna ce.

Na'urar gem ta farko da na buɗe ta wani ɗan kasuwa ce da ya sayo wa 'ya'yansa daga kudu. Tana kunnuwa, ta ɗan yi aiki, ta mutu. A lokacin na riga na ji samari suna cewa injin hoton wannan gem ya fi na wancan, don haka na kwance ta ina neman injin. Na duba sama, na duba ƙasa, abu ɗaya ne kawai yake juyawa a ciki, wato fanka. Shi ke nan na yanke hukunci. Na yi wata da watanni ina nuna wa mutane fanka da bakin sukundireba ina cewa, "Kun ga injin hoton ke nan." Suna gyaɗa kai.

Ayuba ne ya tsayar da ni. Ɗan ƙabilar Eggon ne, yana naɗin wayar fanka da ta janareta a titin Makurdi, yakan biyo ta wajena ya sha inuwa. Ranar da ya ji ina wannan bayani ya bari har mutane suka watse, sannan ya ce, "Oga Sabo, abin nan da kake nunawa, irinsa ne a silin ɗin gidanka. Silin ɗinka yana nuna hoto?" Ya zauna ya yi min bayani da Hausarsa ta kasuwa. Injin hoto ba ƙarfe ba ne. Tsari ne da masu yin gem suka rubuta, wanda ke gaya wa na'ura yadda za ta zana kowane abu, itace da ruwa da fuskar mutum da inuwa, ta goge, ta sake zanawa sau da yawa kafin ka ƙifta ido. Injin shi ne mai ba da umarni, na'ura ita ce lebura. In umarnin ya yi yawa, lebura ya yi gumi. In gumin ya yi yawa, ya faɗi. Daga wannan zama muka haɗa hannu muka buɗe shago, shi da gyara, ni da jama'a.

Akwai wata na'ura da wani ɗalibi ya kawo mana a tsakiyar zafin watan Maris, tana ƙara kamar injin niƙa. Da muka buɗe sai kyankyasai suka watse ta ko'ina, har cikin hannun rigata. Suna son ɗumin ciki, su shiga su haihu, su toshe hanyar iska. Wannan shi ne yawancin aikin da kuke cewa hutu. Burushi mai laushi, abin hura iska, mita ta gwada wuta, da wani farin mai da ake shafa wa kan ƙwaƙwalwar na'ura don zafi ya samu hanyar fita. In ka shafa kaɗan ta ƙone. In ka shafa da yawa, kamar yadda nake yi a farko sai ka ce ina shafa wa burodi bota, ta ƙone. Ga wutar gari da ke zuwa da ƙarfin da ta ga dama, ga janareta da ke tari. Mu a nan duk hoton da ya ƙara kyau, zafi ne ya ƙaru. Waɗanda suka ƙera na'urorin nan ba su taɓa zama a ɗaki mai rufin kwano a Lafia da azahar ba.

Amma abin da ya riƙe shagonmu tsawon shekaru wata baiwa ce da Allah ya yi min: duk abin da na hango, akasinsa ke faruwa. Na ce hannun gem marar waya ba zai karɓu ba. Na ce talabijin mai faɗi ba zai jure wutarmu ba. Na ce babu mai hankalin da zai yi gem a wayar salula. Ayuba ya lura da wannan tun da wuri, kuma bai ɗauke shi abin dariya ba, ya ɗauke shi kayan aiki. Duk lokacin da za mu yi babbar sayayya sai ya ajiye abin da ke hannunsa, ya juyo da kujerarsa ya ce, "Oga Sabo, me ka gani?" In faɗa masa da zuciya ɗaya. Ya saurara har ƙarshe, ya yi godiya, ya je ya yi akasin haka. Na taɓa yin fushi na ce raini ne. Ya ce, "Ba raini ba ne. Mita da ke karanta baya kullum, ai mita mai kyau ce. Wadda ke daidai yau ta yi kuskure gobe, ita ce wahala."

Sau ɗaya aka bi ra'ayina, kuma ita ce muguwar shekararmu. An saki tallan wani gem na babban birni, ana ruwan sama, fitilu suna rawa a kan kwalta. Na kalle shi har na haddace. Ayuba ya tafi ƙauyensu girbi, waya ba ta shiga. Na aika aka sayo mana faifan tun ranar fitowa, na sa mai zane ya rubuta allo a ƙofa, na yi wa rabin unguwa alkawarin za su ga abin da ba su taɓa gani ba. A wannan kam na cika alkawari. Mutane suka fito a titi babu fuska, sai ido da haƙora. Wasu sun tsaya cak sun buɗe hannuwa kamar mutum-mutumin gona. Mota tana tafiya sai ta nutse cikin kwalta. Wani dattijo da ya rako ɗansa ya daɗe yana kallo, sannan ya tambaye ni cikin ladabi ko gem ɗin na aljanu ne. Tallan da muka gani, ashe a kan manyan kwamfutocin kamfani aka ɗauke shi. Na'urorinmu suka yi ta fama da nauyin da ya fi ƙarfinsu har biyu suka mutu. A shekarar kuma man fetur ya yi tsada. Muka koma gyaran dutsen guga da fanka don kada mu rufe ƙofa.

Da Ayuba ya dawo ya ga allon, ya ga gawar na'urori biyu a kan tebur, sai ya kira ni gaban talabijin. Ya yago kwalin sabulu, ya kunna tallan nan, ya rufe tsakiyar talabijin da kwalin. Ya ce, "Kai tsakiya kake kallo, inda suke so ka kalla. Dubi gefe. Dubi can nesa." Na duba, komai lafiya lau. Ya ce, "To shi ne ƙaryar. Na'ura ta gaske tana gajiya, kuma a gefe take ɓoye gajiyarta. In ka ga talla babu aibi ko ɗaya, ba na'ura irin tamu ce ta zana shi ba." Na ce na gane. Ban gane sosai ba, kuma ban damu ba, tunda yana nan.

Ayuba ya rasu bara da damina, bayan gajeriyar jinya. Mun kai shi ƙauyensu. Na dawo na buɗe shago.

Sai ga tallan wannan sabon gem. Kun san yadda shagon ya koma tun ranar. Nasiru, wanda ke karatu a jami'a, shi ne limamin masu yabo. Ya tsaya a tsakiyar ɗaki da waya a hannu yana cewa wannan injin ba zanen haske yake yi ba, bin sa yake yi: hasken rana ya faɗo kan kududdufi, ya tashi ya bugi bango, ya dawo idonka, kamar na gaske. Ya ce za ka fita daga gari ka shiga daji ba tare da an tsayar da kai ana loda wuri ba. Ya ce kowane mutum a titi yana da inda za shi da abin da zai saya.

Terna ɗan acaba ya ce, "Ni taɓo na gani. Ya manne a taya, aka shiga ruwa ya wanke. Wallahi wanda ya yi wannan ya taɓa bin hanyar Arikya da damina."

Buba, wanda ke kawo shanu kasuwa, ya ce shi dokin da ke cikin tallan bai yi masa ba. "Ya yi gudu tun daga dutse har bakin kogi bai nemi ruwa ba. In an fara sayar da irinsa ku sanar da ni."

Nasiru ya juyo ya ce, "Baba, kai me ka gani? Zai hau tsofaffin nan ko sai sabuwa?"

Terna ya ce, "Yauwa, Baba, faɗi, mu san inda gaskiya ba ta."

Aka yi dariya, ni ma na yi. Amma da suka tafi tambayar ta zauna. An buɗe wani gidan gem a Azuba, da sanyin ɗaki da sababbin na'urori, yana jiran ranar fitowar nan. In gem ɗin ya fito yadda ake faɗa ni kuma ba ni da abin kunna shi, ku da kuke kirana Baba za ku gaishe ni ne daga kan acaba a hanyarku ta zuwa can. In kuma na sayar da huɗun nan da ke kawo abinci kullum da gem ɗin ƙwallo, na zuba komai a na'ura ɗaya, gem ɗin ya zo da mutane marasa fuska, na san yadda wannan shekarar take, kuma yanzu babu mai naɗin waya a shagon da zai fitar da mu.

Na gwada yin aikin mutum biyu ni kaɗai. Na tambayi kaina me na gani, na ce a sayar, sai na ce to ke nan kada a sayar. Amma da na ce kada a sayar, shi ma ai ni na faɗa, ke nan a sayar. Na yi ta zagaye a haka har kaina ya yi ciwo. Ashe baiwar tawa ba ta aiki sai da wanda zai saurara.

Na je wajen Maman Dauda, matar Ayuba, a rumfarta ta agushi. Rabin shagon nata ne da 'ya'yanta, ba zan taɓa kayansu ba ta sani ba. Ta ba ni kujera, na yi mata bayanin haske da kududdufi da zafin na'ura. Tana ɓare agushi tana saurare.

Ta ce, "Baban Hauwa, ni wannan inji naku ban san shi ba. Shekara nawa yana min labarinsa a gida, ni dai ina cewa to."

Na ce, "Shi ya sa na zo, don kada in yi kuskure da rabonku."

Ta ce, "Kuskure kam za ka iya. Ya gaya min."

Na ce, "Ya gaya miki?"

"Kullum. In ya dawo yana dariya shi kaɗai, na san ka yi hasashe." Ta kaɗe ɓawon daga zaninta. "Amma bai taɓa cewa zai raba shago da kai ba, ko a shekarar da muka sha garin rogo babu suga. Ka je ka duba abin da kyau. Abin da ka yanke, mun yanke. Sai dai kada ka dawo min da maganar kududdufi, abeg."

Washegari da safe kafin in buɗe wa kowa, na sa tallan a babban talabijin, na rage masa gudu, na nemo kwali na rufe tsakiya. Da wuya. Ido yana so ya leƙa bayan kwalin, inda doki da faɗuwar rana suke. Na hana shi. Na bi gefen dama, na bi gefen hagu, na koma farko. Komai sumul, kamar wancan tallan. Sai a wani wuri da aka nuna kasuwar gari, can baya ta hagu, wani mutum yana tura baro ya wuce ƙarƙashin bishiya. Bishiyar tana tsaye babu inuwa. Sai da ya kusa wucewa inuwar ta faɗo ƙasa farat ɗaya, kamar ma'aikacin da ya makara ya shigo da gudu. Na mayar baya, ta sake makara. Na ci gaba, na ga can nesa ciyawa tana tsirowa sai doki ya matso, da wasu mutane a ƙarshen titi suna tafiya a daddatse.

Ban taɓa murnar ganin aibi irin ta wannan safiya ba. Abin da na karanta a ciki biyu ne. Na farko, na'ura ta gaske ce ta zana wannan hoto, tana gumi, tana ɓoye gajiyarta a gefe, don haka abin da aka nuna ana iya samunsa ko kusa da shi. Na biyu, in sabuwar na'ura tana haki haka, tsofaffin nawa ba za su ko ɗaga shi ba. Daga baya Nasiru ya ce wataƙila da gangan suka bar aibin don su yaudari irina. Yana iya yiwuwa. Ana iya ɗage fitowar gem ɗin, ana iya rage masa kyau kafin ya iso. Ni dai a karon farko ba abin da nake so na faɗa ba, abin da na gani na faɗa. Na yanke a sayar.

Wanda ya saya wani matashi ne daga Obi, Ɗanladi, zai buɗe nasa gidan gem a bayan tasha. Ya zo da keke mai ƙafa uku da buhunan da zai naɗe su. Na ce ya dakata, ba na ba da na'ura sai na buɗe ta a gaban mai saye. Na kwance su ɗaya bayan ɗaya, na hure ƙura, na sabunta farin mai, na nuna masa inda kyankyasai ke bi, na ce kada ya ajiye su a ƙasa, kada ya rufe su da zani suna aiki. Yana jin rabi, rabi yana kallon waya, kamar yadda nake yi a gaban Malam Ilu.

Da na buɗe ta ukun sai ya ajiye wayar. A gefen allon ciki, inda wuta ta taɓa cin hanya, an ɗinke wurin da zaren waya sirara kamar gashi, jere da juna, kowace da ɗigon dalma daidai da 'yar'uwarta. Ni kaina ban san da aikin ba. Wata rana ce aka yi shi ina waje ina surutu da jama'a.

Ɗanladi ya sunkuya ya daɗe yana dubawa. Ya ce, "Baba, wannan ba aikin kamfani ba ne. Kai ka yi?"

Na ce, "A'a. Wani ne da muka yi aiki tare."

Ya ce, "Kai, hannunsa yana da kyau. Ba ni lambarsa mana, in ta ba ni matsala in kira shi."

Ya riga ya ɗauko wayar, ya ɗora yatsa yana jira. Na mayar da murfin, na ɗaure, na goge saman da gefen rigata, na miƙa masa.

Na ce, "In ta ba ka matsala, ka kawo min. Zan gwada."